Babi na Bakwai: Lambun da Ƙanƙara ke Ɓoyewa

Tun farkon watan Afrilu ake fito da katafiloli a Gandun Daji na Glacier, a arewacin jihar Montana ta Amurka, daf da iyakar Kanada. Aikinsu guda ne, su tono titi daga ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Titin, wanda ake kira Going-to-the-Sun, tsawonsa wajen kilomita 80 ne, ya ratsa tsaunukan daga yamma zuwa gabas, kuma inda ya fi tsayi shi ne mashigin Logan, mita 2,026 sama da teku. Kaɗan gabas da mashigin akwai wani lungu da iska ke jibge ƙanƙara duk tsawon hunturu, har tudunta yakan haura mita 20. Sai ma'aikata sun yi awo kafin su gane inda kwaltar take a ƙasa. Aikin yakan ci kusan mako goma. Idan shekara ta zo da sauƙi a buɗe titin cikin Yuni, amma a 2011 da 2022 sai ranar 13 ga Yuli motoci suka iya kaiwa can sama. Kafin Oktoba ya ƙare an sake rufewa.

Duk abin da ido zai gani a mashigin Logan a kan wannan lissafi ya rataya. Ƙasar can sama tana kwance ƙarƙashin ƙanƙara mafi yawan shekara. Abin da ya rage mata 'yan makonni ne, kuma a cikinsu ne kowane tsiro zai fito, ya yi ganye, ya yi fure, ya jira ƙudan zuma, ya nuna iri, ya kuma adana abincin baɗi a saiwarsa. Manomin da ke gefen hamada, can wajen Tanut ko Gure, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya san damina mai zuwa a makare ta tafi da wuri, ya san geron da ba ya da lokacin jira. Abin da rashin ruwa ke yi masa, shi sanyi ke yi wa tsirran tsauni.

A bayan ofishin karɓar baƙi da ke mashigin wata gajeriyar hanyar ƙafa ta tashi, ta nufi wurin da ake hango tafkin Hidden Lake, wato Ɓoyayyen Tafki. Zuwa da dawowa bai cika kilomita 5 ba, hawan kuma kimanin mita 150 ne. Za ka ga yara 'yan firamare a kanta, za ka ga dattawa da sandunansu, za ka ga uwa goye da jariri. Amma kada gajartar ta ruɗe ka. Tun daga wurin ajiye mota ka riga ka haura birnin Jos da wajen mita 800, kuma abin da ya rage tsakaninka da tsayin Chappal Waddi, ƙololuwar Najeriya mai mita 2,419, bai kai mita 400 ba. Wanda huhunsa ya saba da Kano, wadda ba ta kai mita 500 ba, zai ji haki ya kama shi tun a matakalan farko. Ba ciwo ba ne, iskar ce ta yi sirara. Maganinsa ka rage sauri, kuma rage saurin nan shi ne ribar tafiyar gaba ɗaya, domin abin kallon da ke wurin yawanci a gindin ƙafa yake.

Rabin farko na hanyar daɓen katako ne da aka ɗora a kan ciyawa, da matakala nan da can. Dama da hagu fili ne mai hawa-hawa, bene bisa bene na dutse, ruwan narkewar ƙanƙara yana gangarowa daga wannan zuwa wancan. A gabanka tsaunin Clements ne ya tokare sama, a hagu kuma Reynolds mai tsinin kai. Har cikin Yuli wani sashe na hanyar yana nan a binne, sai a kafa sanduna a kan ƙanƙarar don mutane su san inda za su bi. Rana tana dukan ka, kana gumi, ƙafarka kuwa tana nutsewa cikin ƙanƙara.

A bakin wannan ƙanƙara, daidai inda take ja da baya ta bar baƙar laka, nan furen farko yake. Mutanen wurin suna kiransa lili na ƙanƙara. Ganyensa biyu ne, kararsa siririya da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, furen rawaya ne shar, ya sunkuyar da kai ƙasa, leɓɓansa shida sun naɗe baya. Ba ya jiran ƙasa ta bushe. Wani ma yakan huda siririn ɓawon ƙanƙarar ya fito ta tsakiyarta. Yana iya wannan saurin ne saboda ya yi shiri tun bara: a ƙarƙashin ƙasa yana da ɗan curi inda ya tara abinci, kuma tohon furen bana tun kafin hunturu ya riga ya haɗu a ciki. Daga ranar da ƙwayar irinsa ta faɗi ƙasa zuwa ranar da zai yi furensa na farko shekaru ne da dama. Idan suka fito kuwa ba ɗai-ɗai suke fitowa ba. Dubbai ne, gangare guda ya rikiɗe rawaya daga gefen katako har iyakar ganinka.

Abin da ya fi burge ni game da wannan fure shi ne yadda yake mayar da hawa ya zama komawa baya cikin kwanakin shekara. A ƙasa, kusa da ofishin baƙi, ƙila ka tarar ya riga ya yi yaushi ya fara ƙulla iri. Ka hau kaɗan, sai ga shi a tsakiyar ganiyarsa. Ka ƙara hawa, sai ka ga toho bai ko buɗe ba. Can gaba kuma ƙanƙara ce fara fat, ƙasar da ke ƙarƙashinta ba ta san an shiga lokacin zafi ba. A cikin rabin awa ƙafarka ta ratsa abin da zai ɗauki makonni idan a wuri ɗaya ka zauna kana jira. Doguwar hanyar da ke bin kwari ba ta ba ka wannan.

Nan da can za ka ga inda aka birkice ƙasa, an ɗaga ciyawa da saiwarta an kifar. Aikin beyar ne, babbar nan da ake kira girizili, mai tozo a kafaɗa da dogayen farata. Tozon nan tsoka ce ta haƙa, kuma ɗaya daga cikin abin da take haƙowa shi ne curin lili. A kallon farko ɓarna ce. Amma masu bincike da suka auna irin waɗannan ramuka a cikin wannan gandun sun tarar ƙasar da beyar ta tona ta fi wadda ba ta taɓa ba yawan naitirojin, sinadarin nan da manomi ke nema a buhun yuriya, kuma lilin da ya tsira a wurin ya fi na gefensa yawan iri. Ke nan tana ci, tana kuma gyara wa abin da ta bari. Filin nan da beyar a cikinsa ya ginu.

Lili yana gushewa sai sahu na biyu ya shigo, daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta, kuma a nan ne launuka ke cakuɗewa. Akwai wani mai kai ja wur, wani lokaci ruwan hoda mai duhu, wanda ake kira burushin fenti. Jan da kake gani ba furen ba ne, ganyayen da ke rungume da shi ne suka rine, ainihin furen ɗan siririn kore ne a ɓoye a tsakaninsu. Wannan tsiro yana da wani hali da manomin dawa zai gane nan take: saiwarsa tana laluben saiwar maƙwabcinsa a ƙarƙashin ƙasa, ta manne mata, ta riƙa zuƙar ruwa da abinci. A wurin masana tsirrai dangi ɗaya suke da ƙuduji, wuta-wutar nan da ke cinye gonar gero da dawa. Bambancin shi ne na tsaunin yana da nasa koren ganye, yana ɗan nema da kansa, ba ya kuma ƙarar da wanda ya raɓa.

A bakin ƙoramu akwai wani fure ruwan hoda mai faɗin baki, da ɗigon rawaya a maƙogwaronsa, wanda ba ya nisa da ruwa, har ana iya gane hanyar ƙorama daga nesa ta layin da ya ja. Akwai masu kama da 'yar rana, farare da shunayya da rawaya. Akwai kuma wanda ake kira ciyawar beyar, mai kara da kan kai ƙirjin mutum, a samansa dunƙulen ƙananan furanni farare ɗaruruwa. Shi ba kowace shekara yake cika ba. Wata shekara sai ka ƙirga su da yatsu, wata kuma, idan ruwa da sanyi suka yi masa daidai, sai gangare ya yi fari da su. Mutanen asali na yankin sun daɗe suna saƙa kwanduna da ganyensa masu tauri. Can ƙarshen Agusta wani shuɗi mai siffar ƙaramin kofi yake fitowa, kuma ganinsa alama ce cewa sanyi ya kusa dawowa.

Dabbobin ma a guje suke. Kuregen da ke tsaye bisa ƙafa biyu a gefen katako yana ƙyasta murya, wata uku zuwa huɗu kawai yake yi a waje a shekara, tun cikin Agusta wasu sun koma rami. Babban ɗan'uwansa, mamot, mai furfura a kafaɗa da fito mai tsinin gaske, yakan yi barcin wata bakwai zuwa takwas. Duk abin da ka gan su suna yi, ci ne, domin kitsen da suka tara a waɗannan makonni shi zai kai su baɗi. Shi ya sa ba su biskit ko gyaɗa cutarwa ce, kuma dokar gandun ta hana.

Sai akuyar dutse, fara sol, mai gemu da gajerun baƙaƙen ƙahoni. A farkon lokacin zafi gashinta na hunturu yana zubewa, sai ka gan ta yage-yage, ulun yana maƙale a rassa. Tafin kofatonta yana da laushi mai kama dutse, shi ya sa take tafiya a jikin bangon da ido ma ke tsoron kallo. A wannan hanya kuwa sau da yawa ita ce za ta zo inda kake, har ta bi katakon da ɗanta a baya. Ba sabo na ƙauna ba ne. Gishiri take nema, na gumin da hannaye suka bari a jikin katako da na fitsarin waɗanda suka ratse, ta kuma lura cewa maƙiyanta ba sa son kusantar taron mutane. Ƙa'idar gandun ita ce ka bar tazarar mita 23 tsakaninka da irin waɗannan dabbobi, beyar da kyarkeci kuwa mita 91. Idan ita ta matso, kai ne za ka ja baya. Wannan tsauri yana da tarihi. A dare ɗaya na watan Agustan 1967, beyar biyu daban-daban suka kashe 'yan mata biyu a wurare biyu na gandun, kuma an gano cewa dabbobin sun saba da cin sharar abincin mutane. A wani masaukin tsauni har zuba sharar ake yi baƙi suna kallon beyar na ci. Bayan wannan dare aka rufe jujin, aka wajabta wa kowa ya fita da shararsa.

Inda katakon ya ƙare hanya ta koma tsakuwa, ka ɗan dubi duwatsun da kake takawa. Wasu ja ne, wasu kore-kore, kuma a jikin wasu akwai zanen igiyar ruwa da tsagar busasshiyar laka. Laka ce kuwa, ta gindin wani tsohon teku marar zurfi, ta shekaru fiye da biliyan ɗaya. Jan daga ƙarfen da ya yi tsatsa ne tun tana laka. Daga baya ƙasa ta motsa, ta turo wannan ƙaton faifan dutse wajen kilomita 80 zuwa gabas, ta ɗora shi a kan duwatsun da ya girme su nesa ba kusa ba. Sannan ƙanƙara ta zo ta sassaƙe shi. Tsinin Clements da Reynolds ragowar abin da kogunan ƙanƙara suka gurza ne ta kowane gefe. Tudun tsakuwar da ke gindin Clements ma wani kogin ƙanƙara ne ya tara shi, wanda yau ba abin da ya saura nasa sai fegin dusa.

Bishiyoyin wurin 'yan tsiraru ne, sun taru gungu-gungu, gajeru, a karkace, rassansu duk sun koma gefe guda don gudun iska. Wadda ba ta fi tsayinka ba tana iya girme wa kakanka.

Daf da ƙarshen hanya akwai wani ɗan shimfiɗaɗɗen wuri mai ƙananan kududdufai, wanda mutum zai wuce bai san ya ƙetare komai ba. Nan ne ƙashin bayan nahiyar. Ruwan da ya gangara ta bayanka zai bi kogin St. Mary ya shiga Kanada, ya ƙare a mashigin tekun Hudson can arewa. Wanda ya gangara ta gabanka zai faɗa Ɓoyayyen Tafki, ya bi koguna har kogin Kolumbiya, ya ƙare a tekun Fasifik. 'Yan taku kaɗan bayan wannan sai ƙasa ta yanke, tafkin ya bayyana a ƙasa, fiye da mita 200 ƙarƙashin ƙafarka, shuɗi mai duhu, ya lanƙwashe a gindin tsaunin Bearhat. A farkon Yuli ƙila ka tarar da ɓaraguzan ƙanƙara suna yawo a kansa. An yi ɗan dandamali na katako a wurin. Masu hira da ƙarfi tun daga ƙasa, da sun iso nan sai muryarsu ta sauka, kuma duk wanda aka raina da ambaton Allah zai ji tasbihi ya zo bakinsa ba tare da ya nema ba. Hanyar tana ci gaba ta sauka har bakin ruwa, amma ana yawan rufe wannan sashe idan kifi na zuba ƙwai a mafitar tafkin, domin lokacin beyar ke taruwa.

Can nesa ta kudu, idan sama ta washe, ana hango wani farin faifai a jikin tsauni. Kogin ƙanƙara na Sperry ke nan. Ma'aunin da hukumar binciken ƙasa ta Amurka ke amfani da shi wajen lissafa kogin ƙanƙara shi ne faɗin hekta 10. Wanda ya gaza haka ba a lissafa shi cikin masu rai. A 1966 kogunan ƙanƙara masu suna guda 35 ne suka cika wannan ma'auni a gandun. A 2015 saura 26. Wannan ba asarar abin kallo kaɗai ba ce. Ruwan da ke fita daga cikinsu shi ke riƙe ƙoramu da sanyi a ƙarshen lokacin zafi, bayan dusar shekara ta ƙare. Kuma tsofaffin hotunan mashigin Logan, idan aka jera su da na yanzu, suna nuna bishiyoyi sun ƙara cika wuraren da a da fili ne. Inda bishiya ta kafu, lambun ya ragu.

Akwai kuma abin da bai kamata mai tsayuwa a dandamalin nan ya manta ba. Tsaunukan suna da masu su tun kafin a zana gandun. Ta yamma akwai Salish da Kootenai, ta gabas akwai Blackfeet, waɗanda har yau ƙasarsu ke manne da iyakar gandun. Bayan an ƙarar da ɓaunar da rayuwarsu ta dogara a kai, yunwa ta kashe ɗaruruwansu a hunturun 1883 zuwa 1884. A cikin wannan hali ne a 1895 suka sayar wa gwamnati da ɓangaren tsaunukan na gabas a kan dala miliyan ɗaya da rabi, da sharaɗin za su ci gaba da shiga, da farauta, da saran itace. Da aka kafa gandun a 1910, sai aka ce waɗannan haƙƙoƙi sun faɗi. Ba su yarda ba, kuma a ganina suna da gaskiya. Cinikin da aka yi da mai jin yunwa, sannan aka janye sharaɗinsa, ba ya zama adalci don wurin ya yi kyau.

Yanzu kimanin mutum miliyan uku ne ke shiga gandun a shekara, mafi yawansu a Yuli da Agusta, kuma da wuya wanda ya bi titin ya ƙi tsayawa a mashigin Logan. Wasu gwanayen tattaki suna raina wannan hanya saboda haka. Suna cewa katako ya ɓata ta, jama'a sun yi yawa, wanda ke son tsauni na gaske ya tafi inda sai an kwana biyu ana tafiya. Ban yarda da su ba. Hanyar da tsoho da yaro za su iya bi su ga abin da a da sai maharbi da mai doki ke gani, alheri ce. Katakon kuma ba ado ba ne. Kafin a shimfiɗa shi, ƙafafun mutane sun tsaga filin da ɓarayin hanyoyi, ruwa ya bi sawun ya zaizaye ƙasar. Ƙasar tsauni 'yar siririya ce, tsiron da ke kanta kuma ba shi da rarar lokacin da zai gyara abin da aka karya. Takalmi ɗaya a kan laka a Yuli yana iya murƙushe curin da ya yi shekaru yana tara ƙarfin furensa na farko. Idan mutum ɗaya ya sauka don ɗaukar hoto, na bayansa ya ga sawu ya bi, kafin mako ya zagayo an yi sabuwar hanya, kuma irin wannan tabo yakan yi shekaru masu yawa bai rufe ba. Tsinkar fure ma haramun ne a dokar gandun, haka shiga da kare.

Wanda Allah ya nufa da zuwa, ya nufi tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta, ya kuma bincika dokar shiga ta shekarar kafin ya tashi, domin tun 2021 hukumar gandun take sauya tsarin izinin motoci. Ya yi sammako, saboda wurin ajiye mota yakan cika tun da safe, hadari da tsawa kuma sun fi tasowa bayan azahar. Yinin yana da tsawo, a farkon Yuli magariba sai bayan ƙarfe tara da rabi na dare. Ya riƙe rigar sanyi ko da gari ya yi zafi a ƙasa, da hula, da takalmi mai kama ƙasa, da ruwan sha nasa, kada ya sha na ƙorama duk yadda ya yi garau. Ya riƙe feshin barkonon da ake korar beyar da shi, ya kuma koyi buɗe shi tun kafin ya hau. Idan hanya ta cushe kana son ba wani wuri, mai karatu, ka tsaya a kan katako ko a kan dutse har ya wuce, kada ka sauka kan ciyawar.